Guringuntsi a Cikin Gilashi

Yau na fasa ƙwai na ga ɗigon jini a gwaiduwa, sai na tuna Kawu, mai ɗori a Ɗanzomo. A shekarun saba'in ina karatu a Zariya, muna ciro guringuntsin ɗan tsako daga ƙwai, mu rene shi cikin gilashi har ya fara zama ƙashi. Da na zo hutu na ba shi labari, yana shafa wa ƙafar wani manomi man shanu. Bai ɗago ba. Ya ce, "To ɗana, in ya yi ƙwari, wa zai taka da shi?"

Ina canza wa guringuntsin ruwa aka kawo saƙon rasuwarsa. Na ƙarasa, na rufe gilashin, na wanke hannu. Har yau kukan bai zo ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata wa ƙasusuwansa makwanci.