Na Sayar da Gurbi a Tekun da Ban Taɓa Gani Ba

Kafin in lalace, masinja ne ni a wani ofishin gwamnatin tarayya da ke kula da iyakar ƙasa ta cikin teku. Ku yi dariya in kun ga dama. Ni da aka haifa a garin da ko rijiya sai an bi layi, ni ne mai ɗaukar taswirar teku daga wannan bene zuwa wancan. Da asuba in hau bas daga Kubwa zuwa cikin Abuja, da magariba in dawo. Albashin ba yawa, amma yana riƙe ni da matata, kuma ina barcina har da minshari.

Ogana mutumin kirki ne, mai son koyarwa. Wata rana ya gan ni na ƙura wa taswirar bangonsa ido, sai ya ce, "Zo in nuna maka. Daga gaɓa zuwa mil goma sha biyu, tsakar gidanmu ne, dokarmu ce ke aiki. Daga nan zuwa mil ɗari biyu kamar gonarmu ce. Baƙo zai iya ratsawa da jirginsa, amma kifi da man da ke ƙasa namu ne. Bayan nan kuma ba na kowa ba ne." Na ce, "Oga, to wa ke da wane yanki?" Ya ce, "Ƙasa ce ke da shi. Lasisi ake bayarwa, ba a sayar wa mutum teku."

Wannan jimla ta ƙarshe ita na fi ji, ita kuma na fara mantawa.

Lokacin an dawo mulkin farar hula, kuɗin mai ya cika Abuja, kowa ba shi da zance sai na fili. Wanda muke hawa bas tare bara, bana ya wuce ni a mota yana ɗaga min yatsa biyu. Abin ya riƙa ci na. Na fara da ƙarami: tsofaffin taswirorin da aka ce in ƙona, sai in sayar wa 'yan kwangila. Daga nan na sayi kwat, na riƙa karɓar na goro wai zan haɗa mutane da oga. Ba wanda ya kama ni, sai na ɗauka wayo ne da ni.

A kasuwar Kubwa akwai wani dattijo mai sayar da bandar kifi, Malam Ɗanjuma, masunci ne daga wajen Yawuri. Yana ba ni kifi gyara saboda ina tsayawa mu yi hira. A garinsu kowane gurbin kogi da mai shi, gida kaza ke da nan, gida kaza ke da can, ana gadonsa kamar gona. Nasu gurbin ruwan madatsa ya haɗiye shi tun yana saurayi, kuma har ya tsufa bai daina zancensa ba. Ranar da na nuna masa taswira mai layuka murabba'i, ya shafa ta da yatsa ya ce, "Ɗana, ashe teku ma an yanka shi gurbi-gurbi?"

Da na ce a'a, da yau ba ni da labarin ba ku. Na ce, "Sosai, Baba. Manya ne ke rabawa a tsakaninsu. Amma ni ina ciki, zan sama maka."

Ya sayar da abin da yake da shi ya kawo min. Na ɗauki jan biro na ɗiga a cikin shuɗin tekun da ke kan taswirar, can nesa da gaɓa don ya ga kamar wuri ne babba, na buga masa wani hatimin bogi da na sassaƙa. Na yi wa wasu ma haka. Lissafina shi ne, mutumin Abuja in ya sayi fili ajiyewa yake yi ya jira tsada. Ban yi tunanin masunci ba ya ajiye ruwa ba.

Ɗansa Haruna, wanda ya gaji sana'ar su, ya ɗauki kwafin taswirar ya tafi bakin teku. An ce masuntan can sun yi masa dariya, sun gaya masa kwale-kwale ba ya zuwa inda yake nunawa. Ya ce shi a ruwa aka haife shi, kuma gurbin ubansa ne. Ya yi hayar kwale-kwale mai inji ya fita. Bai dawo ba.

Ba wannan ne ya kai ni gidan yari ba. Wani ɗan kasuwa da na damfara ne ya je ofis neman gurbinsa, asiri ya tonu. Oga ya zo kotu ba da shaida, bai ko kalle ni ba. Matata ta koma gidansu, ban kuma ga laifinta ba.

Ina cikin zaman kaso aka ce ina da baƙo. Malam Ɗanjuma ne, ya rame, da ƙullin kifi a hannu. Na shirya wa zagi, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya warware taswirar ya ce, "Ɗana, ban zo don kuɗi ba. Uwar Haruna ce ke tambaya ta inda yake. Nan ɗin da ka ɗiga, can ya nufa ko?"

Na ce, "Baba, babu gurbin. Hannuna ne kawai ya sauka a wurin."

Ya ɗora yatsa a kan ɗigon. Sannan ya ce, "Na sani. Amma bar min shi. Kabari ba mu samu ba, a nan muke ɗora yatsa mu yi masa addu'a." Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ajiye min kifin ya tafi. Kukan da na yi ranar ban taɓa yin irinsa ba.

Yanzu na fito. Ina wankin kayan inji a garejin wani bawan Allah a unguwar Apo, hannuna baƙi ƙirin, kuma na fi son sa haka. Na tuba, ina roƙon Allah gafara kullum, amma tuba ba ta fito da Haruna daga ruwa ba.

Ku matasa, abin da ba naku ba kada ku sayar, ko takardar shara ce, don daga nan nawa ya fara. Kuma kada ku ce ai kuɗi kawai za ku ci, ba ku san abin da mutum zai yi da ƙaryarku ba in ya gaskata ta. Ni ɗigo ɗaya na yi da jan biro. Yau akwai wata uwa da ɗigon nan ne kabarin ɗanta.