Mai Gadin Shagon Yayata

Yayata ta daɗe tana sayar da atamfa da leshi a kasuwar Ƙaura Namoda. Da hanya ta lalace, masu zuwa sayayya daga Shinkafi da Zurmi suka rage zirga-zirga, sai ta ce tunda su ba sa iya zuwa, shagon zai je musu. Muka buɗe shafi a intanet, muka karɓi hayar wuri daga wani kamfani da ke ajiye irin waɗannan shafuka. Mace ta duba hoto a wayarta, ta zaɓa, mu kai kayan tasha, direba ya miƙa mata. Ni ne auta a gidanmu, kuma ni ke zama gaban kwamfuta, don haka kula da shafin ya faɗo kaina ba tare da an tambaye ni ba.

Cinikin atamfar Sallah yana da wa'adi. Azumi na yin nisa teloli suke daina karɓar ɗinki, kuma ba mai sayen turmin da ba za a ɗinka ba. Abin da bai fita ba kafin nan, zai zauna a shago har ya zama tsohon yayi. A shekarar da nake magana, Yaya ta cika shagon har rufi.

A makon farko na azumi shafin ya daina buɗewa. Na kira kamfanin, wata ma'aikaciya ta yi mini bayani a natse. Ta ce wasu ne suka turo tarin na'urori suna neman shiga shafin lokaci guda, ba don su saya ba, don kawai su toshe hanya. Ba ta san ko su wane ne ba, mu ma har yau ba mu sani ba.

Na maida wa Yaya bayanin da harshen kasuwa. Na ce kamar a tara 'yan zaman banza su cika ƙofar shago, mai saye ya zo ya rasa ta inda zai ratsa.

Ta ce, "To mi ake jira, auta? A sa mai gadi."

Kamfanin kuwa yana da shi. Wata manhaja ce da ke tsayawa gaban shafi tana duba masu shigowa. Dokarta mai sauƙi ce: duk adireshin intanet da aka ga yana yawan shiga da fita, a tsayar da shi a yi masa tambayoyi, in ya ci gaba a rufe masa ƙofa. Aka kunna ta, kafin la'asar shafin ya dawo garau. Yaya ta sa mini albarka, ta ƙara da kunun tsamiya lokacin buɗa-baki.

Sai dai ciniki bai dawo yadda yake ba. Ana saye daga cikin gari jefi-jefi, amma daga Moriki, inda manyan masu sayenta suke, shiru. Yaya ta riƙa zama tana kallon dilolin, tana tambayata ko mai gadin nan ya san aikinsa.

Amsar ta zo daga wata Hajiya, aminiyar Yaya a Moriki. Ta kira da hantsi, Yaya ta buɗe muryar wayar don in ji.

"Aminiya, wane laifi na yi muku? Shagonku ya tare ni, wai in tabbatar ni mutum ce."

Yaya ta ce, "Ga autan nan, shi ya ɗauko mai gadin."

"Auta, ni da na goya ka, yau ni ake tambaya ko mutum ce? Har da hotuna, wai in nuna fitilar ba da hannu. A ina na san ta a Moriki?"

Na ba ta haƙuri, na tambayi yadda take shiga. A nan na gane komai. Sabis ba ya kamawa sosai a unguwarsu, sai ɗanta ya sa mata na'urar intanet a gida. Bayan azahar matan unguwa sukan taru a tsakar gidanta, kowa da wayarta, a shimfiɗa tabarma a buɗe shagon Yaya. A wurin mai gadin, tunda ta na'ura ɗaya suke shiga, duk wannan taron adireshi ɗaya ne.

Kuma ba kallo kawai suke yi ba. Na ce, "Hajiya, na ga ana sa atamfa a kwandon sayayya na shafin, a cire, a fita, a dawo. Shi kuma fa?"

Ta yi dariya. "Kai ba ka taɓa zuwa kasuwa ba? In ba ka juya baya ba, wa zai rage maka? Tafiya muke yi mu ga ko za a kira mu."

Wato tayi suke yi. Mai gadin kuwa yana ganin shiga da fita ba sayayya, irin halin maharan sak.

Yaya ta kira sauran garuruwan, aka tarar haka abin yake a wani gida a Shinkafi da wani shagon cajin waya a Zurmi. Na roƙi kamfanin ya sanar da mai gadin cewa waɗannan wuraren na gida ne, a bar su su shiga su fita yadda suka ga dama. Sauran baƙin aka ci gaba da tare su, har suka gaji suka watse.

Yaya kuma ta ƙara nata. Ta ce duk wadda na ga ta cire kaya daga kwando ta tafi, in gaya mata. Sai ta ɗauki waya: "Dawo mana, 'yar uwa, ai ba mu gama magana ba." Da haka dilolin suka riƙa raguwa, turmi na ƙarshe ya hau motar Moriki tun teloli suna karɓar aiki.

Mai gadin yana nan, kowane azumi muna kunna shi. Hajiya kuma in ta kira ni, bayan sallama sai ta ce, "Auta, ni ce. Mutum."