Mma Napari, mai ɗaurin auren kabewa

Da damina, kafin rana ta gama ɗagowa, Mma Napari ta riga ta zaga bayan gidajen unguwarmu a gefen Savelugu. Ba fartanya a hannunta, ba kwando. Takan tsugunna gaban yaɗon kabewar mutane, ta tsinki fure ɗaya, ta fige shi, ta goga tsinkensa cikin wani furen, ta miƙe ta yi gaba. Mun girma muna ganin haka, kuma yawancinmu ba mu taɓa gane abin da take yi ba. Wasu su ce addu'a ce, wasu su ce tsufa ne kawai.

Ba wanda kansa ya ɗaure kamar Sanatu matar Wumbei. Bara waccan kabewarta ta yi yaɗo har kan danga, fure ko'ina, amma ɗa na kai girman ƙwan zabo sai ya yi rawaya ya faɗi. Ta zuba kashin awaki, ta barbaɗa toka, Wumbei ya feshe ta da ragowar maganin ƙwarin wake. Abu sai gaba yake yi.

To a nan kowa ya san ba a nuna ɗan kabewa da yatsa, wai zubewa yake. Sai wata ta tuna ta ga Mma Adisa, gwauruwar da ke maƙwabtaka da su, ta nuna shi ta kan danga tana yabawa. Magana ta fara yawo a bakin famfo, wai Adisa mayya ce. Aka tuno akuyar wane da ta mutu, aka tuno zazzaɓin wance. Tsohuwar da ba ta da ɗa a gari, in aka soma mata irin wannan tone-tone, ƙarshensa a ɗaura mata kaya a raka ta bayan gari. Sanatu ba ta so haka ba, amma ita ma ta daina amsa gaisuwarta.

Wata safiya Napari ta shigo gidan Sanatu riƙe da hannun Adisa, ta dubi Sanatu.

"'Yata, ina furannin nan masu dogon wuya?"

"Miya nake yi da su, Mma. Ai ba sa haihuwa."

"Wumbei ma ba ya haihuwa. Kin jefa shi a tukunya?"

Sanatu ta saki baki. "Mma, wai kabewar ma da namijinta?"

"Da namiji, da mace, da ɗan aike. Ƙudan zuma ne ɗan aiken, shi kuma mijinki ya kore shi da feshi."

Napari ta lalubo namiji ɗaya da ya tsira a ƙarƙashin ganye, ta danƙa wa Adisa, mata na leƙe ta kan danga.

"Ke za ki yi. Goga a wannan mai ƙulli a gindi. Yawwa. Yanzu nuna shi da yatsa, ki nuna da kyau kowa ya gani."

Kullum da safe Sanatu sai ta je ta duba. Ba ta gane yadda ƙurar fure za ta zama kabewa ba. Abin da ta gane shi ne, in wannan ɗan ya faɗi, Adisa ta gama zama a garin nan.

Mma Napari, ke kin san ba kowane fure ke kamawa ba. Kin san da ya faɗi, kaya biyu za a ɗaura, naki da nata. Ke ce kika tsaya a ranar da mu duka muka kau da kai, kuma wannan yana ba ni kunya har gobe.

Ɗan ya kama, ya girma har sai da aka sa masa matashi na ciyawa. Wumbei dai har yanzu cewa yake asirin wata ne ya fi na wata, Sanatu kuwa ta daina gardama da shi, ta bar wa kabewa furanninta maza.

Bana gwiwa ta hana Napari tsugunno. Mun gode, uwarmu, Allah ya saka miki da alheri. Mu kuma da muka rage, in abu ya ɗaure mana kai, mu tsugunna mu duba kafin mu ambaci sunan wani. Adisa na nan a ɗakinta. Ita ake aika wa yanzu in kabewa ta ƙi kamawa, kuma ta ƙofar gida take shiga.