Karkatacciyar Kujerar Baba

Baba, duk ranar da muka haɗu a ƙofar gida, kafin in gama gaishe ka sai ka ce, "To, wa ke tsaye, wa ke kwance?" Bari in fara da amsar da ka saba karɓa. Maigidana lafiyarsa ƙalau, sai dai gwiwar nan da ba ta rabuwa da shi. Babban yaronmu ya koma makaranta. Auta ya yi mura, ta sake shi. Ni ma da sauƙi, barci ne dai ba ya zama. 'Yarmu Mai Kujera ce ba ta jin daɗi. Tari ya dawo mata, abinci kuma sai da lallami yake wucewa.

Kai ne kaɗai ba ka cikin lissafin. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Litinin, bakwai ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka a asibiti bayan gajeriyar jinya. Ina shanya a tsakar gida na ji muryar Mama, matarka, ta bayan katanga. Ba kuka take ba, sunana kawai ta kira sau ɗaya. Daga yadda ta kira na gane.

Babban ɗanka, wanda ƙannensa ke kira Yaya Babba, ya ce duk wanda ya zauna da kai ya rubuto abin da ya sani, a haɗa wa jikoki. Ni sai da na haifi 'ya'ya uku na koyi riƙe alƙalami, don haka a yi haƙuri da abin da ya samu. Amma maƙwabtakar shekara tara ta wuce in yi shiru.

Waɗanda suka san ka a wurin aiki sun san mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Mu a layinmu Kafintan Asabar muka sani. Mama ce ta raɗa maka sunan, domin tun kana aiki, ranar Asabar ba a ganinka ko'ina sai a garejin da bai taɓa ganin mota ba. Da ka yi ritaya sai kowace rana ta koma Asabar. Ba ka taɓa sayar da ko benci ɗaya ba. In an ce nawa ne, sai ka ce, "Je ka zauna a kai shekara guda, in bai kayar da kai ba ka dawo mu yi magana." Ba wanda ya dawo, kai ma ba ka bi kowa ba.

Ba duk abin da ka ƙera ne ya yi kyau ba, kuma ba ka ɓoye hakan. Teburin farko da ka yi yana nan a ɗakin girkin Mama, da ninkakken kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Ta sha roƙonka ka gyara shi ko ka fitar mata da shi, kai kuma ka ce a bar shi, shi ne malaminka. Ga ka da jinkiri. Kantar da ka yi wa mai shagon bakin layi alkawari, sai da ya gaji da jira ya sayo ta ƙarfe, sannan taka ta iso. Ya fitar da ta ƙarfen ya kafa taka, yana mita yana shafa ta.

Ga waɗanda ba su san mu ba, Mai Kujera 'yata ce ta tsakiya. Tun haihuwa jikinta ba ya riƙe kansa. Ba ta tafiya, kalmominta ba su da yawa, bayanta kuma ya lanƙwasa zuwa hagu. In ba ta zauna daidai ba, abin da aka ba ta a baki yakan bi hanyar numfashi, ta ƙware, daga nan sai ƙirji, daga ƙirji sai gadon asibiti. Lokacin da muka tare a layin, a cikin babban baho nake zaunar da ita, in tottokare ta da matashin kai, in ba ta abinci ina karanta duk addu'ar da na iya.

A haka ka same mu wata rana da ka shigo aron tsani. Ta ƙware a gabanka har leɓenta ya canza launi. Ka tsaya har ta dawo daidai, ka ɗauki tsanin ka fita. Na ce a raina wannan dattijo ba shi da tausayi. Da yamma sai ga ka da kwali da fensir da tef ɗin awo, ka nemi izinin maigidana ka duba bayanta. Ka durƙusa a gabanta da gwiwoyinka na tsufa, ka ce, "Ranki ya daɗe, an ce ba ki da kujerar mulki. Wannan ai abin kunya ne ga talakawanki." Ta yi dariya. Tun daga ranar sunan ya bi ta, har likitocinta da shi suke kiranta.

Kujerar farko ba ta yi ba. Kwana kaɗan da fara zama a kanta na ga jan tabo a ƙugunta na dama. Na rasa yadda zan gaya maka, mutum ya ɓata makonni a kan abu kyauta. Kai ka lura da fuskata, ka ce, "Maman Mai Kujera, in kika ɓoye min aibin aikina, ba ni kika rufa wa asiri ba, ita kika cuta." Ka ɗauke ta, ka wargaza, ka sake. Ta biyun ce ta zauna a kai ta cinye abincinta tas ba tare da tari ko ɗaya ba. Na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito na ba ka shayi. Ka ce sukari ya yi yawa.

Daga nan duk lokacin da ta ƙara tsawo sai ka ƙara wa kujerar wani abu, ko ka yi sabuwa. A zaman da nake yi a bakin gareji, tana kan cinyata kana awo, na ga yadda kake gama aiki. Haɗa katako bai cika ɗaukar ka lokaci ba. Gogewa ce ke cinye maka kwanaki. Ka fara da samfefa, takardar gugar katako, mai kaushi, ka koma mai laushi, ka yayyafa wa katakon ruwa ka bar shi ya bushe don gashinsa ya tashi, ka sake gogewa. In ka ga kamar ya yi, sai ka ɗauko wani tsohon mayafin Mama mai santsi ka ja shi a hankali a kan kowace kusurwa. Duk inda ya maƙale, aiki bai ƙare ba. Mama ta daɗe tana neman mayafin nan. Ranar da ta gan shi rataye kusa da zarto ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, ashe kai ne ɓarawon." Ka ce, "Aro na yi, Hajiya. Fatar yarinyar nan ta fi mayafinki daraja." Ta ce to ka riƙe, amma ka san ka ci bashin sabon mayafi.

Ba ka taɓa shafa wa kujerarta fenti ko man ƙyallin nan na kafintoci ba. Ka ga tana cizon hannun kujera in ranta ya ɓaci ko in murna ta yi mata yawa. Ka ce abin da ba za ka zuba a cokali ka ba ta ba, ba za ka shafa inda bakinta ke kaiwa ba. Sai ka narka kakin zuma da man da ake ci, ka shafa da tsumma, ka bari ya sha, ka goge, ka ƙara. Da ta bar shatin haƙoranta a kan sabon hannun da ka sha wahalarsa, na fara ba ka haƙuri. Ka duba wurin da kyau ka ce, "Shugaba ta sa hannu. An karɓi aiki."

Ni ma ban tsira daga alherinka ba. Da farko kai nake kawo wa takardun asibiti ka karanta min. Da ka ji na shiga ajin manya, sai ka daina karɓa. Ka ce in karanta da ƙarfi kana guga, in na yi tuntuɓe ka gyara min ba tare da ka ɗago kai ba. Ka yi min ɗan gajeren tebur da zan iya ajiyewa a ƙasa kusa da shimfiɗarta, in yi rubutu ina kallon numfashinta. A kansa nake yanzu. Kuma kai ne mutum ɗaya da ba ka taɓa ce min in rage damuwa ba. Cewa kake, "Damu dai, amma ki riƙe min nan tukuna," ka miƙo min ƙarshen katako.

Yanzu zan juya ga Yaya Babba, domin akwai maganar da ta tsaya min a wuya, kuma Baba ba zai so in haɗiye ta ba.

Yaya, kafin ka tafi da Mama gidanka, ka buɗe garejin ka ga kujerar da Baba bai ƙarasa ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ka ce, "Allah sarki Baba, ashe ido ya yi rauni haka a ƙarshe. Dubi yadda ta karkace." Sannan ka juyo ka ce min kada in damu, ranar Asabar da motar kwashe kaya za ta zo, za ka turo kafinta ya ɗauke ta, ya daidaita ta, ya shafe ta ta yi ƙyalli, a kawo wa yarinya a matsayin kyautar Baba ta ƙarshe. Na ce Allah Ya saka da alheri. Idonka cike da hawaye, ga mutane, na kasa ƙara komai. Na kira ka a waya daga baya, muka gaisa, na tambayi jikin Mama, bakina ya sake mutuwa.

Idon Baba bai yi rauni ba. Da gangan ya karkatar da ita. Bayan yarinyar ya ƙara lanƙwasa a bana, kujerar da take kai ta matse ta, ta fara goge mata haƙarƙari, shi ya sa na koma ba ta abinci a cinya, shi ya sa tarin ya dawo. Baba ya sa na kawo masa hoton bayanta na ƙarshe, ya ɗaga shi a hasken taga ya daɗe yana kallo, ya yi ta gwada kwali a jikinta yana yankewa. Mazaunin ya ɗaga ta hagu ne don ƙugunta ya zauna. Majinginar ta juya kaɗan don ta tare kafaɗarta. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo saboda haka hannayenta suke. Wanda ya gan ta babu kowa a kai zai ce aikin mai ciwon ido ne. In aka ɗora yarinyar a kai, kanta ne ke miƙewa. Na gani da idona, domin ya gwada ta kwana kaɗan kafin ya kwanta, ya ba ta ruwa a cokali da hannunsa, ta haɗiye lafiya.

Ba na zargin kafintan da za ka turo. Aikinsa ne ya miƙar da abin da ya karkace, kuma zai yi shi da kyau. Amma in ya sa zarto a ƙafar nan, ko ya sassauta majinginar ya mayar da ita tsakiya, babu wanda ya rage a duniya da ya san yadda take. In kuma ya shafa mata man ƙyalli, ba zan iya barin bakinta ya kai wurin ba.

Abin da ya rage a aikin ba shi da yawa. Gugar hannuwan ce, da ɗan faifan da ake ɗora kwano a gaba, da shafa kaki. Na iya waɗannan, a gabansa na koya. Soso da ɗamara dama ni nake ɗinkawa. Maigidana zai ɗaure faifan, ko da yake Baba ya taɓa ce masa in ya riƙe guduma ƙusa ce kaɗai ke cikin aminci. Gwangwanin kakin yana kan kanta ta sama, bayan robar gam. Mayafin kuma na Mama ne, sai in ta yarda.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya durƙusa a gaban yarinyar da ba za ta iya ce masa ta gode ba, Ka ɗaukaka shi a ranar da kowa ke neman inuwa. Yadda ya sauƙaƙa mata zama, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Mama, Allah Ya ba ki haƙurin rashin abokin zama da abokin faɗa, Ya sanyaya miki zuciya, Ya ƙara miki lafiya. Yaya Babba da ƙannenka da jikoki, Allah Ya haɗa kanku, Ya sa ku gaji halinsa. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Yaya, ka yafe min da na cusa buƙatata a cikin ta'aziyyar mahaifinka. Na yi ta juya abin, ban sami wani wurin da zan sa ta ba. Motar ranar Asabar za ta zo, mabuɗin garejin kuma yana hannunka. Ina roƙonka ka ba ni amsa kafin ranar Juma'a, don in san ko zan tsaya a bakin ƙofa in tari kafintan da kaina. Ba sai ka yi dogon bayani ba, na san abin da ke kanka. Ka ce masa kawai ya sauke kujerar a gidanmu yadda ya same ta, a karkace.

Maƙwabciyarku,
Maman Mai Kujera