Farar Mota da Rigar Manaja

Cikin shekarun da na yi ina tuƙi, ranar da har yau ba ta bar raina ba ita ce ranar da na ja mota daga Kankara zuwa Ruwan Godiya sanye da babbar rigar wani. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana kun sha jin ana tsokanata da "Manaja Sale". To gara ku ji asalin sunan daga bakina, tun da masu ba da labarin sun fara ƙara masa gishiri.

A lokacin ni ne babban direba a ofishin shiyya na wani kamfanin sayar da iri da taki, a nan Kankara. Aikinmu ya haɗa Kankara da Faskari da Sabuwa. Kada sunan ya ruɗe ku, direbobi biyu ne kacal a ƙarƙashina, ɗaya ma babur yake ja. Sai dai akwai ƙa'ida guda da ta ba muƙamin nauyi. Duk motar da za a saya wa shiyya sai kwamitin mutum uku ya gan ta, wato manaja da mai kula da sito da babban direba. A ƙasan fom ɗin da ake cikewa akwai layin da babban direba zai sa hannu cewa ya gwada motar, kuma ta dace da hanyoyin da za ta bi. In bai sa hannu ba, hedkwata ba ta amincewa.

Gab da faɗuwar damina injin tsohuwar motarmu ya buga, makanike ya ce a yi haƙuri da ita. A daidai lokacin aka turo mana sabon manaja, Alhaji Kabiru, mutumin birni, wanda bai san shiyyarmu ba sai a taswirar da ke manne a bangon ofis. Hedkwata ta ce mu je wurin wani dillali a Katsina mu zaɓi mota cikin samfurin wani kamfani mai sauƙin kuɗi, irin motocin nan da kowane makaniken bakin titi ya san cikinsu. An ba mu zaɓi, ko sabuwa ko ta hannu.

Muka tafi mu uku, da Manaja da ni da Malam Lawal mai sito. Malam Lawal mutumin kirki ne, amma tun da na san shi kansa bai taɓa girgizawa hagu da dama a gaban babba ba, sama da ƙasa kawai ya iya.

Dillalin bai kalli fuskokinmu ba, takalmanmu ya kalla, daga nan ya san wanda zai yi wa magana. Ya nuna mana aji uku. Ta farko ƙarama ce, ba ta da komai sai inji da taya huɗu, gilashinta ma da hannu ake murzawa. Ta biyu ta ɗan fi ta tsayi, tana da esi. Ta uku kuwa ita ce ful ofshin, wato mai komai da komai, fara sol, da gilashi mai duhu, da wani allo a gaba mai nuna maka bayanka, kujerunta duk a cikin leda. Injin dukansu ɗaya ne, na tambaya sau biyu aka tabbatar min. Bambancin duk a kwalliya yake.

Can gefen katanga na hango wata ta hannu, 'yar aji na biyu, ruwan ƙasa, fentinta ya koɗe, ƙofar baya ta ɗan lotsa. Na buɗe bonet na duba baƙin mai, na tayar da ita na tsaya bayan salansa ina kallon hayaƙi, na kwanta na leƙa ƙarƙashinta, sannan na zaga da ita ta wata hanya mai ramuka. Lafiyarta lau. Abin da ya fi burge ni shi ne, in ta wuce ka a kasuwa ba za ka ɗaga kai ba.

Da na dawo na tarar Manaja ma yana nasa gwajin. Ya shige bayan farar motar ya harɗe, yana miƙe wuya ya ji ko hularsa za ta taɓa rufi. Ya danna maɓalli gilashi ya sauka, ya danna ya hau, ya fi sau biyar. Ya sa Malam Lawal ya rufe masa ƙofa don ya ji irin ƙarar da take yi, sannan ya miƙa wa dillali wayarsa a ɗauke shi hoto. Bonet kuwa ko inda ake buɗe shi bai tambaya ba.

Na matsa kusa na ce, "Ranka ya daɗe, sabuwa hwa ba ta zuwa Sabuwa."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake da kalmomi. Sai na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce a hanyoyinmu yanzu mai hali agogonsa ma cirewa yake yi kafin ya fita gari. Farar mota mai duhun gilashi shela ce cewa akwai mai kuɗi a ciki, kuma mutanen daji masu satar mutane suna da masu kai musu labari a tashoshi. Na nuna masa mai ruwan ƙasar na ce ita ce ta aikinmu.

Ya dube ta ya yatsina fuska. "Wannan ai ta 'yan tumatur ce. Manoma su ga manajan kamfani a cikin wannan, wa zai yarda irinmu mai kyau ne? Ko ba haka ba, Malam Lawal?"

Kan Malam Lawal ya yi aikin da ya saba.

Na ce ni dai ba zan iya rubuta cewa farar ta dace ba. Manaja ya dafa kafaɗata, ya sassauta murya. "Malam Sale, tsoro ya yi maka yawa. Na ga fayil ɗinka, shekara biyu ta rage maka ka ajiye aiki. Ai kowa yana so ya sauka lafiya." Na gane abin da yake nufi sarai. Na karɓi biro na sa hannu.

Mako guda motar ta yi a ƙofar ofis ana zuwa kallo. A cikin makon nan ne Manaja ya fara zama majalisa bayan la'asar, inda aka cika masa kunne da labarin wanda aka tare da wanda aka ɗauke. Na lura fara'arsa tana raguwa kullum. Amma an riga an sa ranar taro da manoma a Ruwan Godiya, ranar Talata, ba damar fasawa.

Da safe ya fito cikin babbar riga ta shadda mai aiki har ciki, da hula sai ƙyalli, turare kuwa tun daga ƙofa. Muna barin gidajen ƙarshe na Kankara ya ce in gangara gefe. Ya fito ya tuɓe rigar da hular ya miƙo min.

"Sa wannan, ka ba ni taka. Ni zan dawo gaba kusa da kai. Ina so manoma su saki jiki da ni, su ɗauke ni kamar ɗan uwansu."

Na tsaya riƙe da rigar ina kallonsa, shi kuma yana kallon daji. Ba wanda ya faɗi gaskiyar magana, amma duk mun san ta. In aka tare mu, mai babbar riga za a fara jawowa. Zan so in ce muku na jefa masa rigarsa na juya gida. Ban yi ba. Na tuna 'ya'yana da shekara biyun nan, na zura riga. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na wannan safiya ba.

Abin da Manaja bai sani ba shi ne, na fi shekara ashirin ina bin hanyar nan. Masu faci, masu rake, 'yan sa-kai da ke shingen bincike, ba wanda bai san fuskata ba. A shinge na farko da na sauke gilashi, wani ya leƙo ya ce, "A'a, Malam Sale, naɗi aka yi ba mu ji ba?" Sannan ya dubi mutumin da ke gefena, mai tabarau da tattausan hannu, sanye da kaftanina da ya tsaya masa a ƙwauri, ya ce, "Sannu da zuwa, Manaja." Haka muka yi ta fama har muka isa. Ni ina kokawa da hannun riga a kan sitiyari, shi yana ta nutsewa cikin kujera.

A wurin taro, shugaban manoman wani dattijo ne, Baba Nomau, wanda ya san ni tun ina sabon direba. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi Manaja, ya dubi motar. Kowa na dariya, shi bai yi ba.

Ya ce, "Alhaji, wa ya zaɓi motar nan?"

Manaja ya ce kwamiti ne.

"To rigar hwa, kwamiti ne ya sa mashi?" Baba Nomau ya ci gaba, "Mu nan in muka ɗauki mai yi mana noma, muna ba shi tsohuwar riga don kada tashi ta lalace. Kai ka ba naka sabuwa don a tahi da shi a madadinka. Mi za ka gaya mana game da iri da za mu yarda?"

An dai yi taron, amma a tsaitsaye. Da aka tashi na tuɓe rigar a gaban jama'a na miƙa masa. Ya naɗe ta ya cusa a leda, ya ce yana da uzuri a Funtua, ya shiga motar haya, aka matse shi tsakanin buhunan masara da wani mai kaji. Ni kaɗai na dawo da farar motar Kankara. Na sauke gilasai duka huɗu don duk mai leƙe ya ga ba kowa a baya, ina ta addu'a. Allah Ya tsare.

Motar ba ta ƙara fita ƙauye ba. Bayan wata biyu hedkwata ta janye ta, aka ba mu wata ta hannu. Manaja kuma ya nemi canjin wurin aiki, ya rubuta cewa ruwan Kankara bai karɓe shi ba.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan mai zaɓen mota daban, wanda zai ji a jikinsa daban. Babba yana zaɓa da ido, in abu ya ɓaci kuma yana da wanda zai tura gaba, kuma kai ne mafi kusa da shi. Ranar da na koma gida na ba uwar 'ya'yana labari ina ƙoƙarin mayar da shi abin dariya. Ta bari sai da na gama, sannan ta ce, "Da an tare ku an ce wane ne manajan, shiru za ka yi a tafi da kai, ko nuna shi za ka yi?" Har yau ban san wanne zan yi ba. Don haka in aka kai ku zaɓen mota kuka ga ba ta dace ba, ku ƙi tun a wurin dillali, ko da za a ɓata da ku. A can ne kawai ƙin yake da sauƙi.