Jakin Darar Kutama

A kan wasan dara aka kore ni daga gidan kawuna a Durun. Ƙarshen damina ne, wake ya fara fure, shekarar da mahaifina ya rasu. Ban kai in riƙe garma ba, sai aka haɗa ni da awaki.

A Kutama aka haife ni. Darar garinmu kamar ta ko'ina take: a tona ramuka a yashi, wannan ya ɗauki tsinken kara, wancan tsakuwa, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa. Sai dai mu muna da ƙari. Kafin a fara, ana ajiye ƙwallon goruba a ramin tsakiya, sunansa jaki. Ba na kowa ba ne, kuma ba a cinsa. In tafiyarka ta zo, ko ka motsa ɗanka, ko ka tura jakin ya toshe wa abokinka hanya. Doka ɗaya ce, ba ka mayar da shi ramin da ya baro. Mahaifina ne ya koya mini a bakin rumbu. Yakan ce, "Kalli jaki kafin ka kalli 'ya'yanka." Na ɗauka duk duniya haka ake yi.

Yaran kiwon Durun suna da tasu al'ada. A gindin kanya suke zama su yi dara, wanda aka ci shi ne zai riƙa koro awakin kowa daga bakin gonaki har la'asar. Da na fito da gorubata a ranar farko suka yi ta dariya, suka sa mini suna Mai Jaki. Na buga irin tasu aka cinye ni, don idona na neman abin da babu. Haka na yi ta gudu cikin ƙaya ba takalmi, su suna inuwa suna gasa gyaɗa. Ƙafafuna suka tsattsage. Ban faɗa wa kowa ba.

Babbansu Sule ne, ɗan maƙwabcin kawu. Wata rana, don ya ba sauran dariya, ya ce in kawo jakin nan a ga abin da zai yi. Na gaya masa dokar a gaban kowa, ya ce ya ji. Duk inda ya nufi jera uku, sai ya tarar da jaki a zaune. Na cinye shi. Na nuna masa awaki, sun riga sun doshi gonar waken Malam Audu, dattijon unguwar. Sule ya share ramukan da ƙafa, ya ce, "Dara da jaki ba dara ba ce, tashi ka kora." Na ce ni na ci. Ya zauna, na zauna. Muna kallo awaki suka shiga, muna jin ƙarar ganye a bakinsu, ba wanda ya motsa.

Da yamma aka tara mu a ƙofar gidan kawu, gaban dattawan unguwa. Malam Audu ya tambayi wa ke da kora. Na yi bayanin jaki. Dattawan da suka tsufa a kan dara suka dubi juna, ɗaya ya ce tun da yake bai taɓa jin jaki a dara ba, sai dai a turke. Maganar ta ƙare a nan. Kawu ya dake ni, washegari ya sa ni a motar Gwarzo, ya ce gidansa ba ya riƙe mai taurin kai. Ba wanda ya tambayi Sule ko ya yarda da dokar kafin a fara.

Daga nan dako na shiga, na riƙa kwana a rumfunan kasuwa har na girma. Bara na je Kutama ta'aziyya, na nemi masu dara. Yaran suna kan waya. Tsofaffi biyu na samu suna bugawa, irin ta Durun. Ɗaya ya ce ya tuna ana sa wani abu a tsakiya, amma ya manta yadda yake tafiya. Ban tsaya koya masa ba.

Yanzu ina Gwarzo, ina gadin wani sito na hatsi. Bayana ya daina ɗaukar buhu. Ba ni da wanda zan kira shaida, amma wasan nan ni na ci shi.