Cigiyar tunkiyar laka

Shekarun baya, tun ina budurwa mai rawar kai, dattawan ikilisiyarmu suka ɗora mini makarantar Lahadi ta yara. Cocinmu ɗan soro ne na ƙasa a wani ƙauye gefen Fakuwa. Mu 'yan gidaje ne kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, gonarmu na jikin gonarsu. Na gama sakandare a Kankia, ina ji da kaina. Sai in tsaya gaban yaran nan da littafin darasi ina ta zuba, su kuwa suna ta gyangyaɗi. Wani har miyau yake zubarwa a kafaɗar ɗan'uwansa.

Na kai ƙara wajen mahaifiyata. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ke ɗiyar nan, ni ma da kika karanta mani rannan barci na yi. Yaran nan hannunsu ba ya zama wuri ɗaya. Ki ba su abin taɓawa mana."

Damina ce lokacin, gero ya kai gwiwa. A garinmu in ruwa ya ɗauke, yara bakin tafki suke yini suna gina shanu da laka, su yi musu ƙaho da ƙaya. Sai na ce kowa ya zo da lakarsa ran Lahadi. Wayyo, ku zo ku ga coci ranar! Muka baje a inuwar darbejiya, kowa ya gina tunkiya, ƙafafu na tsinken kara. Wata ta fi kama da jaki, wata da kwaɗo, duk na ce tumaki ne. Muka jera su a rana, garke guda, iska mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana kaɗawa. Har yau in na rufe ido ina ganinsu.

Cikin yaran akwai ɗiyar wani maƙwabcinmu ɗan ikilisiyarmu, 'yar siririya, ba ta cika magana ba. Babanta ya tafi cin rani kudu, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ba shi ba labarinsa. In uwarta ta je da ita kasuwar Kankia, bakin titi take tsayawa tana leƙen duk motar da ta tsaya. Tunkiyarta ta fi ta kowa kyau, har kunnuwa ta yi mata masu faɗi.

Na ba su labarin da Yesu ya bayar, na makiyayin da ya bar garkensa ya bi sawun tunkiya ɗaya da ta ɓace, ya dawo da ita a kafaɗa. Ba wanda ya yi hamma. Sai yarinyar nan ta ja gefen zanena.

"Malama, kowace tunkiya ake ganowa?"

"Kowace," na ce.

"Ko ta yi nisa?"

"Ko ta kai Ikko."

Na ce su rufe ido mu yi addu'a. Suna rufewa na sunkuci tunkiyarta mai kyan nan, na laɓaɓa bayan coci, na ɓoye ta a wani ɗan rami gindin bango. Da suka buɗe ido na ce ɗaya ta ɓace, a yi cigiya yadda ake yi in dabba ta tsinke turke. Suka kwasa suna zagaye suna ihu, "Cigiya, cigiya! Wa ya ga tunkiya?" Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta saman zana, hankali a tashe, ta ce, "Subhanallahi, kada ta faɗa gonar mutane! Uda ce ko balama?" Da suka ce ta laka ce, dariya ta kusa kayar da ita.

Ba mu ankara ba hadari ya taso daga gabas. Yara suka kwashe garken da gudu, muka faɗa coci. Ruwa ya kece, ɗakin ya yi duhu-duhu da sanyi, muka shiga waƙa, ni har lumshe ido nake don daɗi. Can na ji indararo yana kwarara a bayan bango, gabana ya faɗi. Ashe ni gwanar ɓoyo, daidai bakin indararo na ajiye ta.

Ruwa na ɗaukewa muka zagaya. Ba tunkiya. Sai ɗan curin laka a cikin ramin, da tsinkayen kara suna yawo a kan ruwa. Yarinyar ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Kin ce kowace."

Duk karatuna ya gudu. Na san ba tunkiya take tambaya ba, kuma na ji kamar in nutse.

Sai yarinyar ta tsuguna, ta sa hannu ta yaɓo lakar, ta tsince karan, ta shiga murzawa a tafin hannunta. Muna kallo kai ya fito, kunne ɗaya ya fi ɗaya. Ta ce, kamar da kanta take magana, "Ai lakarta ce. Ba ta je ko'ina ba." Ta ɗora ta a kafaɗa, rigar Lahadinta ta yi kaca-kaca, sauran suka bi ta da tafi har cikin coci. Ni ce a baya, ina share hawaye da gefen ɗankwali.

Babanta ya dawo bayan wata kaka, a rame, yana tari, ba komai a hannunsa sai 'yar leda. Manya ma sai da suka ƙura masa ido. Ita tun daga nesa ta sheƙa da gudu. Ran Lahadi ta raɗa mini a kunne, "Malama, ya narke kaɗan, amma shi ne."

Yanzu ina aure a Kusada, har gobe ina koyar da yara, kuma ba na fara darasi hannunsu ba komai. Duk sanda ƙanshin ruwan farko ya bugi hancina, sai in ga garken nan a rana. Na koyi duban sama kafin in ɓoye abu. In kuma yaro ya tambaye ni ko kowace ake ganowa, na daina saurin amsawa. Nakan miƙa masa laka.